Abin da Kyamarar Mumuni Ta Gano a Ƙarƙashin Fiffiken Kaza

Kakata, wadda ta haifi babana, ba ta taɓa kiran sunana ba. Inna muke ce mata, mu da 'ya'yanta duka. Jikokinta mun fi ashirin, kowa tana kiransa da sunansa na yanka, har da tsawa in ta kama, amma ni tun da na yi wayo Baƙo take ce mini. "Baƙo, turo iccen ga." "Baƙo, share hancinka." A gidan aka haife ni, a bayan ɗakin uwata aka binne cibiyata, amma wai ni ne baƙo. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na taɓa tambayar babana dalili, ya dube ni ya ce in tashi in ba awaki ruwa.

Ƙauyenmu yana gabas da Tajaye, kuma lokacin da na fi tunawa da shi shi ne bayan girbi, in an gama zuba dammunan gero a rumbu, sanyi ya fara shigowa da yamma. Ana idar da sallar isha'i sai Inna ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da 'yan kututture, mu kuwa mu tattaru kamar an buga mana ganga. Hannunta ba ya zama haka nan. Ko tana ɓarar wake a ƙwarya, ko tana tura gujiya cikin toka da tsinke tana raba mana ɗaya-ɗaya, wanda ya cika surutu a tsallake shi. Ni an sha tsallake ni.

In za ta fara tatsuniya tana da nata salon. Sai ta ce, "Ga wata nan tahe, ba ƙahwa ba takalmi." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta yi sai taurarin nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta sun fito daga gabas, sun ɗago bisa rumbun babana. Su ne 'yan taurarin nan da ke cure wuri guda, waɗanda tsofaffin manoma suke duba don su san inda shekara ta kai. Inna takan ɗaga haɓa ta nuna mana su. Da haɓa, ba da yatsa ba. Wanda ya miƙa yatsa sai ya ji tsinken gujiya a bayan hannu. "Ba a nuna ɗiyan mutane da yatsa," in ji ta.

Ga yadda tatsuniyar take, gwargwadon abin da na riƙe. Wata shekara ruwa ya ƙi sauka, ƙasa ta bushe har tururuwa ta yi ƙaura. A wani gida akwai kaza mai 'ya'ya da yawa. Nawa ne, Inna ba ta faɗi, in ka tambaya ta ce uwa ba ta ƙidaya ɗiyanta a gaban mutane. Kazar ta yi tono ta yi tono, ba ta samu ko ƙwayar dusa ba. Ran nan da dare ta ɗaga kai ta ga sama cike da fararen ƙwayoyi, ta ce lallai can wani ya zubar da tsaba bai kwashe ba. Sai ta tara 'ya'yanta ta ce su biyo ta. Suka hau dangar gida, daga danga suka hau rumbu, daga rumbu suka hau wani dogon gawo wanda reshensa na ƙarshe yake taɓa sama.

Hanyar ba ta da daɗi. Da farko suka gamu da iska mai zafi wadda ke sa ƙuraje, kaza ta ce, "Ku shige ƙarƙashin hwihhike." Suka shige, iska ta wuce. Gaba kuma suka gamu da wata iska mai sanyi wadda ke sa tari, ta sake cewa su shige. Can kusa da ƙarshe shirwa ta yi ta kewaya su kwana uku. A duk inda Inna ta ce "ku shige", mu ma sai mu ruga mu cusa kawunanmu ƙarƙashin mayafinta muna dariya, tana ture mu tana cewa za mu zubar mata da wake. Har yau in na ji warin hayaƙin kara da man gyaɗa, mayafin nan nake tunawa.

A ƙarshe dai kaza ta isa sama. Ta sauka, ta kakkaɓe jiki, ta waiwaya don ta ƙirga 'ya'yanta. A nan muryar Inna takan yi ƙasa, ta riƙa ja a hankali. "Guda. Biyu. Ukku. Huɗu. Biyat. Shidda." Mu ma mu ɗaga kai mu ƙirga, mu ga shida ne cif. Sai ta ce, "Kaza tac ce a'a, bari dai in sake ƙidaya. Guda. Biyu." Ta sake, ta kuma sakewa, kowane zagaye ya fi na baya sanyi, wuta tana lafawa, ni kuwa idona yana nauyi. Ban taɓa farkawa ba sai da safe, a kan tabarmar uwata.

Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na ci alwashi, na tsunkuli cinyata, na taɓa sa tsakuwa a ƙarƙashin gindina don kada in ji daɗin zama, duk a banza. In gari ya waye na bi 'yan uwana ina tambaya, sai in tarar kowa barci ya yi. In na je wurin Inna kuma ta ce, "Ba a gatana da rana, Baƙo. Wa ya hana ka buɗe ido?" Haka na girma da tatsuniya mai kai babu wutsiya. Ina kwaleji a Tawa aka aiko mini Inna ta rasu.

Yanzu ni malami ne a wata lakwal, wato makarantar boko, a Birnin Konni, furfura ta fara fito mini, ina da 'ya mai shekara bakwai, Ramatu. Ni na jawo wa kaina. Wata rana an ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida na ba ta tatsuniyar kaza, ina tsammanin za ta yi barci kamar yadda ubanta yake yi. Yarinya ta zuba mini ido tar, ta ce, "To sai me ya faru?" Na ce kaza ta sami tsaba suka ci suka ƙoshi. Bayan kwana biyu na manta, na ce mata kaza ta koma ƙasa neman sauran. A karo na uku na shigo da wani zakara da ban san inda na samo shi ba. Ramatu ta ce, "Baba, ba ka sani ba ne, ko?" Na ce ta je ta kwanta.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya sanin ƙarshen, ita ce Gwaggo Hajo, autar Inna. Cikin 'ya'yan Inna shida, har da babana, ita kaɗai ta saura, tana can ƙauye a tsohon gidanmu, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta gane mutum sai ya yi magana. Na tambaye ta a waya, ta ce ta manta. Na tambaye ta da na je gaisuwar salla, ta hau ba ni labarin gwiwoyinta. Na san Gwaggo, matar da take tuna launin akuyar da aka yanka ran sunana ba za ta manta tatsuniyar uwarta ba. Ƙi take yi, ban kuwa san dalili ba. Kuma duk zuwan da na yi sai in ga ta ƙara ƙanƙancewa a cikin zanenta, in dawo gida da tsoron kada wata rana waya ta yi ƙara, ƙarshen tatsuniyar ya bi ta.

Ana cikin haka kyamarar ta shigo. Abokin aikina Mushe Mumuni, wato Malam Mumuni a bakin 'yan lakwal, Bazabarme ne da aka turo mana daga yamma, mutum ne mai son kayan zamani. Wani ɗan'uwansa ya aiko masa da wata 'yar kyamara daga waje, wai ba ta ɗaukar mutane, taurari take ɗauka. Na ce ya nuna mini. Ya fito da abu bai fi kwalin sukari girma ba, da 'yan ƙafafu uku da ake ɗaura masa, ba wurin leƙawa, ba abin dannawa sai guda ɗaya. Na juya shi na sake juyawa ina neman inda ake sa ido. Mumuni ya yi dariya ya ce ba a sa ido, ita ke dubawa da kanta, ta aiko maka da hoton a waya. Zai yi tafiya ta kwana huɗu, sai ya ce in riƙe. Ya sa mini abin da ake sarrafa ta da shi a wayata, ya nuna mini sunan da Nasara suke kiran Kaza da shi, ya yi mini bayani da Faransanci da gudu kamar mota za ta bar shi. Na yi ta gyaɗa kai, kashi ɗaya cikin huɗu na gane.

Daren farko a gidana na Konni na kifa turmi na ɗora ta. Na danna, ta yi 'yar ƙara, ta ɗaga kai da kanta, ta juya hagu, ta juya dama. Na ɗan ja da baya, don ban saba da abin da ke waiwaye ba tare da an kira shi ba. Ta tsaya tana kallon dogon yaron maƙwabcina, ta daɗe, sannan waya ta rubuto mini cewa ba ta ga taurari ba. Na ɗaga kai, ga taurari. Na kashe na kunna, na matsar da turmi, na yi bisimilla na sake dannawa, hoto baƙi ƙirin. Na kira Mumuni, wayarsa ba ta shiga. Na kusa awa guda ina wannan fama, sai matata ta zo wucewa da buta, ta sunkuya ta duba ta ce, "Ita kuma tabarau take sawa da dare?" Ashe akwai wani baƙin gilashi da ake manna mata in za a ɗauki rana, yana nan manne a idonta tun daga hannun Mumuni. Na sunkuya na cire shi.

Ko da na cire, abin da ta kawo bai taka kara ya karya ba. Fitilun shaguna da na manyan motocin da ke jiran ƙetare iyaka sun haske sama, hoton ya fito fari-fari da 'yan ɗigo. Na tuna Mumuni ya ce tana son wuri mai duhu sosai. To ina ya kai ƙauyenmu duhu? Ranar Asabar na goya Ramatu a babur, kyamara a jaka, muka kama hanya. Na gaya wa matata taurari za mu ɗauka. Ban gaya mata ina da wata manufa ba, don ni kaina ban san yadda kyamara za ta buɗe bakin tsohuwa ba.

Gwaggo ta karɓe mu da murna, ta shafa kan Ramatu ta ce ta yi tsawo. Bayan isha'i ta sa aka hura mata wuta a ƙofar ɗaki, daidai inda Inna take hura tata. Na fito da kyamara na miƙa mata. Ta lalube ta sama da ƙasa.

"Wanga ɗan abu mi na, Isuhu? Rediyo?"

"Kyamara ce, Gwaggo. Hoton sama take ɗauka."

"Sama? Wa ya aike ka? Mutanen ƙasa sun ƙare?"

Na ce mata dai hasken wutar nan zai dame ta, ko za a ɗan kashe. Ta ce wutarta ta riga abin nan zuwa gidan, in ba ya so ya nemi wani wuri. Dole na ɗauki kyamara na zagaya bayan rumbu, na daidaita ƙafafunta a ƙasa, na zaɓi Kaza a waya, na dawo bakin wuta na zauna. Sai ga mu mun taho tun daga Konni kallon sama, amma kawunanmu a sunkuye, ni da Ramatu, muna kallon tafin hannuna, abin da ke kallon saman yana can shi kaɗai bayan rumbu.

Da farko komai ya tafi daidai. Baƙin fili, sai ga ɗigo masu haske, shida, a jere yadda na san su tun ina yaro. Na yi murna har na buga cinya. Na ce, "Ramatu, ga Kaza, ga 'ya'yanta." Ta ƙirga da bakinta ta ce shida.

Ban rufe baki ba hoton ya motsa, sai ga na bakwai. Na ce to, dama akwai masu kaifin ido da suke cewa suna ganin bakwai. Ya sake motsawa, ga na takwas da na tara, ga wasu ƙanana sun fito a tsakankaninsu. Duk bayan 'yan daƙiƙu sai hoton ya ƙara cika, wasu a gefe, wasu a ƙasa, wasu biyu-biyu manne da juna. Sannan wani shuɗin abu kamar hayaƙi ya fara bayyana kewaye da manyan. Na ɗaga kai na dubi sama, shida. Na sunkuya na dubi waya, ba iyaka. Na sake ɗagawa, shida dai.

Abin da ya zo mini shi ne datti ya hau idon. Na tashi da gudu na zagaya bayan rumbu, na goge mata ido da hannun rigata, garin haka na ture ta, ta rikice ta hau juye-juye tana neman inda take. Na jira ta natsu, na sake sa ta daga farko. Shida, sannan bakwai, sannan tara, sannan tururuwa. Na ce ko dai ba Kaza take kallo ba, ta kauce ta faɗa wani wuri? Amma ga manyan nan shida a tsakiya, ban isa in ɓata su ba. Na ce ko hayaƙin wutar Gwaggo ne shuɗin nan? Hayaƙin kuwa yamma yake yi, kyamara tana gabas. Ramatu kuwa ko a jikinta, ta karɓi waya tana ƙirgawa, ta kai talatin da wani abu, ta ɓata, ta koma farko, muryarta tana ja, har ta kwantar da kai a cinyar Gwaggo.

"Gwaggo," na ce, "ina jin na lalata kayan mutane."

"Mi tay yi?"

"Kaza na sa ta ɗauka, ta kawo mini abin da ba shi ne ba. 'Ya'yan Kaza shida ne, kowa ya sani. Ita kuwa ta cika wurin da taurari, har ba su ƙirguwa."

Gwaggo ta miƙo hannu, na zare wayar daga hannun Ramatu na ba ta. Ta kai ta daf da hancinta, ta karkata kai tana neman gefen idon da ke ɗan gani. Hasken ya kwanta a fuskarta.

"Ban ganin komi sai hwari-hwari," ta ce. "Hwaɗa mini. Ƙananan, ina suke? Nesa da manyan, ko cikinsu?"

"Cikinsu, Gwaggo. A tsakaninsu, da ƙarƙashinsu. Kamar sun ɓuya ne."

Ta ajiye wayar a kan zanenta. Ta sa hannu ta shafa fuskar Ramatu, ta taɓa fatar idonta, ta saurari numfashinta.

"Ta yi kwana?"

"Ta yi barci."

"To. Kai kana cewa kwana ya hana ka jin ƙarshe. Ba kwana na ba. Inna ce ka jiran ku yi kwana. Da gangan take ja, tana sakewa, har sai ta ga na ƙarshenku ya langaɓe."

Gwaggo ta ce ita ma da take yarinya ba ta taɓa ji ba. Sai da ta yi aure ta dawo gida haihuwar fari, tana kwance a ɗakin Inna da jaririya a ƙirji, barci ya ƙi zuwa, mu kuma muna waje a bakin wuta. Ta ji Inna tana ta ƙirga shida har muka yi tsit. Sannan ta ji ta ci gaba ita kaɗai, da muryar da ba ta taɓa jin ta da ita ba.

"Tac ce, kaza ta ƙidaya shidda, ta sake, shidda. Sai ta ɗaga hwihhikenta ta leƙa, ta kira. Bakwai, Rabi. Rabi ta amsa. Takwas, Salamu. Ta amsa. Tara, Idi. Goma, Hasana. Duk sunka amsa. Kaza tac ce, ashe kuna nan, mutanen ƙasa na idonsu bai kai ba."

Ban taɓa jin sunayen nan a gidanmu ba. Gwaggo ta ce yayyenta ne. Sha ɗaya Inna ta haifa, ba shida ba. Uku ƙyanda ta kwashe a rani guda, ɗaya tari. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don a lokacinsu mace ba ta yi, washegari ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Ba ta sake ambatar su da rana ba har ta koma ga Allah.

Na ƙirga a zuciyata, malamin lakwal ne ni, na ce, "Gwaggo, goma kika faɗa."

"Goma ita ma take hwaɗi. In ta zo ga na sha ɗaya sai ta tsaya, ta daɗe, tac ce, da wancan. Shi na ɗan fari. Ka san uwa ba ta hwaɗin sunan ɗan fari, ko shina raye ko ba shi. Shekara biyu yay yi duniya."

"Mene ne sunansa?"

Gwaggo ta juyo da fuskarta wajena, idanun nan farare suna kallon gefen kunnena.

"Kai kana tambaya ta? Kai da ka ɗauke da shi shekara arba'in da wani abu? Kakanka ya raɗa maka shi ran suna. Inna ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta hito ba sai la'asar. Da ta hito ta karɓe ka, tac ce, sannu da zuwa, Baƙo."

Ban san abin da na yi da fuskata ba. Na dai tuna na ɗauki tsinke ina tona toka, kamar akwai gujiya a ciki. Shekara da shekaru ina riƙe da matar nan a raina, ina cewa ni ne ba ta so, ni ne ba ta damu ta riƙe sunana ba. Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji wani haushi da ban san wanda zan ba shi ba, don da wani ya gaya mini tun tana raye, da na je na zauna kusa da ita ko ban ce komai ba.

Na ajiye tsinken, na koma kan waya. Hoton yana nan yana ƙara cika. Na ce, "Amma Gwaggo, waɗannan sun fi sha ɗaya nesa ba kusa ba. Sun fi ɗari."

Ta ja tsaki. "Inna ɗai ta haihu cikin ƙasar ga?" Ta gyara kan Ramatu a cinyarta. "Tashi ka ɗauko abin mutane kada raɓa ta taɓa shi. Iyakar gatanar ke nan."

Da Mumuni ya dawo na mayar masa da kyamararsa, na nuna masa hoton, na ce ya duba ko na ɓata wani abu. Ya ce ko kusa, hoton ya yi kyau, har shuɗin hayaƙin nan ma gaskiya ne, yana can. Ya ce ba wai idonta ya fi nawa girma ba ne sosai, a'a, tsayawa take yi wuri guda ta yi ta kallo, tana tara ɗan hasken da ya iso kaɗan-kaɗan, har abin da ya yi rauni ya fito. Na gyaɗa kai kamar ran farko. Ya tambaye ni yadda na ga kyamarar. Na ce masa tana da kyau, amma ba a ba mutum irin wannan abu ba tare da an gargaɗe shi ba. Ya ɗauka wasa nake.

Har yau ban gama warware abin ba. Inna ba ta taɓa riƙe kyamara ba, idonta irin na kowa ne, shida ta gani kamar yadda muka gani. Ba zan ce ta san abin da ke can ba. Ba zan kuma ce ba ta sani ba, tunda ta faɗa, kuma da aka duba aka tarar. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana koya mana mu bi uwa, mu shige in an ce mu shige. Yanzu ina ganin ba don mu take yin ta ba sam. Mu dai 'yan rakiya ne, tana ba mu gujiya mu raka ta har bakin wurin da take son zuwa, ta kwantar da mu, ta ƙarasa ita kaɗai.

Na yi niyyar ba Ramatu ƙarshen, tunda don ita na tayar da maganar. Da muka dawo Konni, daren da aka sake ɗauke wuta, ta ce in yi mata ta kaza, kuma ban da ƙarya. Na fara, muka hau danga, muka hau rumbu, muka hau gawo, ta cusa kai ƙarƙashin rigata sau uku. Da muka isa sama na ƙirga shida. Ta ce, "To sai me?" Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, kaza ta ce a'a, bari dai in sake ƙirgawa. Na sake, na kuma sakewa, a hankali, har hannunta ya saki yatsana.

Na zauna ina jin numfashinta. Sannan na ci gaba. Na kira Rabi, na kira Salamu, na kira Idi da Hasana. Da na zo na sha ɗaya na tsaya inda Inna take tsayawa. Ni ba uwarsa ba ce, babu abin da ya hana ni. Na faɗi sunan a hankali, Isuhu, a tsakar gidan da ba kowa a farke sai ni, kuma har yanzu ban sani ba ko kira na yi ko amsawa.